Mun karɓi kuɗin tayil, farashi ya ninka: ko za mu iya sauya kayan?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, daga Gombe nake rubutowa. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana shagon tayil, muna sayarwa kuma muna da yara masu sawa. Mu bakwai ne, biyu ba su balaga ba, ba a raba gado ba har yau, Hammanmu, wato babban wanmu, shi ne ke riƙe da shagon. A watan Janairun 2023 wani bawan Allah da ke gini a Tumfure ya zaɓi tayil foselin mai santimita 60 da 60, lamba ɗaya, wato mafi inganci, murabba'in mita 300. Ya biya kuɗin kayan duka, kuɗin aiki kuma sai an gama. Aka yi da shi za mu kawo bayan wata uku. Gininsa ya tsaya, bai neme mu ba, mu ma muka yi shiru. Hamma ya rage bashin dilanmu na Kano da kuɗin, saura ya shiga cefanen gida. Yanzu mutumin ya gama filasta ya ce mu zo, alhali abin da ya bayar da ƙyar zai sayi rabi. Hamma ya ce akwai wani lamba biyu mai kala iri ɗaya, in an shimfiɗa an cike da farin siminti babu mai ganewa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Hakan ya halatta? Ko mu ce ya ƙaro kuɗi, ko mu mayar masa da nasa? Sannan kaya sun yi mana kwantai a shago, akwai zakka a kansu? Kuma za mu iya ƙara farashi ga mai karɓa bashi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya buɗa muku.

Shawarar Hammanku ba ta halatta ba. Algus ne, kuma cewa babu mai ganewa shi ne ma ya tabbatar da algus ɗin. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce ta wajen tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, sai yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ka lura, ba shi ya jiƙa abincin ba, ruwan sama ne, kamar yadda ba ku kuka karya darajar naira ba. Duk da haka ba a karɓi wannan uzuri ba, domin laifin a ɓoyewar yake.

Kuma ku masu sana'ar kun fi ni sanin cewa bambancin lamba ɗaya da lamba biyu ba a kala yake ba. A kifa biyu fuska da fuska a ga ko sun haɗe ko akwai wanda ya lanƙwashe. A jera goma a ga ko layin zai tafi daidai ko wani ya ɗara wani. A ɗiga ruwa a bayansa: foselin na gaske ruwan zai zauna a kai, mai rauni kuwa nan take zai shanye. Mai gida ba zai ga wannan ba ranar da aka share aka goge falo yana ƙyalli. Zai gani ne bayan damina ɗaya ko biyu, in baki ya fara ɓarewa a bakin ƙofa. Haka hukuncin yake ga rage siminti a kwaɓi, ko barin rami a ƙarƙashi wanda in an ƙwanƙwasa da makulli za a ji yana amo. Duk abin da mai gida zai ƙi yarda da shi in da yana tsaye a wurin, yin sa a bayan idonsa ha'inci ne.

Yanzu mu koma kan cinikin kansa, domin a nan ne za a gane wanda asarar ta hau kansa. Mutumin bai sayi kwalayen da ke ajiye a shagonku ba. Ya sayi kaya ne da siffa: iri kaza, girma kaza, lamba kaza, adadi kaza, zuwa lokaci kaza, ya kuma biya nan take. Wannan shi ne cinikin salam, kuma ingantacce ne. Haɗa shi da kwangilar sawa bai ɓata shi ba, domin a mazhabar Malikiyya ana haɗa ciniki da ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, a ƙulli guda. Abin da ke biyo baya abu biyu ne. Kuɗin ya zama naku tun ranar da kuka karɓa, saboda haka biyan dila da shi ba cin amana ba ne. Amma abin da ke wuyanku tun daga ranar ba naira ba ce, mita 300 ce ta tayil lamba ɗaya. Da farashi faɗuwa ya yi, da ribar taku ce, kuma ba na zaton za ku aiko da tambaya. Tunda tashi ya yi, asarar ma taku ce. Allah yana cewa a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alƙawura."

Da a ce cewa ya yi "ungo ku sayo mini", wato ya wakilta ku, da lamarin ya fi haka muni, domin kuɗin amana ne a lokacin, taɓa shi kuma ta'addi ne a kan dukiyar wani, biyan sa kuma yana wuyanku.

Na san abin da za a ce: ai abin da ya faru ba wanda ya zata. Gaskiya ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ga kasuwa, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Tayil ɗin da ake shigowa da shi daga Sin ko Sifen da dala ake sayen sa, wanda ake yi a gida, a Ajaokuta ko jihar Ogun, shi ma sai mota ta ɗauko shi ta yi doguwar tafiya kafin ya iso Gombe. Malamai ba su rufe ido ga irin wannan ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yanke a shekarar 1402 ta Hijira cewa idan yanayi ya juya gaba ɗaya ta hanyar da ba a zata ba, har cika kwangila mai dogon lokaci ya zama babbar asara, alƙali yana iya daidaita lamarin ya raba nauyin tsakanin ɓangarorin biyu. Asalin wannan yana komawa ga umarnin Annabi na sauke wa mai saye asarar da annoba ta jawo wa 'ya'yan itace. Sai dai sun sa sharaɗi: kada asarar ta samo asali daga sakacin wanda aikin ke wuyansa. A nan hujjarku ta yi rauni. An biya ku a Janairu, wa'adinku ya cika a Afrilu, duk kafin guguwar ta taso. Da kun sayo kayan kun kai masa, ko kun jibge su a sito da sunansa, da babu wannan magana. Tsayawar gininsa ba ta hana ku saye ba. Kuma ko da sassaucin ya shafe ku, alƙali ne ke yin sa ko yardar juna, ba ɗan kwangila ne zai yanke wa kansa a ɓoye ba.

To ina mafita? Ku same shi, kai da Hamma, zai fi kyau ku tafi da baffanku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. Ku gaya masa gaskiya yadda ka gaya mini, har da inda kuɗin ya shiga. Ku riƙa samfurin biyu a hannu, ku nuna masa bambancin da bakinku. Daga nan zaɓi nasa ne. In ya yarda a sa lamba ɗaya a falo da inda ƙafa ta fi yawa, lamba biyu a ɗakunan kwana da sito, ya halatta, domin mai haƙƙi yana iya sauka daga haƙƙinsa bayan wa'adi ya cika. In ya ga dama ya taimaka muku da wani abu don Allah, ya yi kyauta kuma yana da lada, amma ba ku da ikon cewa ba za ku fara aiki ba sai ya ƙaro. In ya ba ku lokaci ku riƙa kawowa ɗaki-ɗaki, wannan shi ne abin da aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarta game da wanda ke cikin ƙunci. Ƙunci na gaske nake nufi. Wanda ke da kaya cike da shago da zai iya karyarwa ya biya, ko fili, ko mota ta biyu, bai shiga wannan aya ba, ya fi kusa da hadisin da ya ce jan ƙafar mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne.

Mayar masa da kuɗinsa kuwa, shi ne ake kira iƙala, wato warware ciniki. Ya halatta in ya yarda, kuma daidai abin da ya bayar za a mayar, ba ƙari ba ragi. Amma kada ku tura masa kuɗin ta banki ku ce an rabu. Kun san sarai a daraja nairar da ya ba ku ba ita za ku mayar masa ba. In ya ƙi, haƙƙinsa na tayil yana nan. Duk abin da kuka daidaita a kai ku rubuta, da shaidu.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma a wurina ya fi batun tayil ɗin nauyi: marayu biyu a cikin dukiyar da ba a raba ba. Girman shekaru bai mayar da Hamma mai shago ba, kowane magaji yana da kasonsa a kowane kwali, har da mahaifiyarku in tana raye. Abin da aka biya dila da shi da cefanen da kowa ya ci, a kan dukiyar gaba ɗaya yake. In akwai abin da wani ya ɗauka don buƙatar kansa, shi zai biya shi kaɗai. Allah ya ce kada a kusanci dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau. Ku ƙirga kaya da basussuka, a fitar da kason kowa a takarda ko da shagon zai ci gaba a haɗe, a tabbatar da wanda zai kula da rabon yaran ta hanyar wasiyyar mahaifinku ko ta kotu, a yanka wa masu zaman shago albashi sananne. Gidaje da yawa ba karayar kasuwa ce ta raba su ba, aljihun shago da na gida ne suka zama ɗaya, ranar da aka zo lissafi kowa ya zargi kowa.

Batun zakka. Mai shago irinku shi ne malamanmu ke kira mudiri, wanda ke saye da sayarwa kullum ba ya jiran tashin farashi. In shekara ta zagayo yana ƙiyasta kayansa da farashin ranar, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire wanda ake bin sa, har da ƙimar wannan mita 300 in babu wata kadara da za ta tsaya a madadinta. Injin yanka, kanta da motar ɗaukar kaya ba sa cikin lissafi. Mashahurin zance a mazhaba shi ne kwantai ba ya sauke zakka, ko da yake Sahnun da Ibnu Nafi'u, daga manyan malaman Malikiyya, suna ganin in kwantan ya daɗe a jira sai an sayar a fitar ta shekara ɗaya. Wanda ba shi da abin fitarwa sai ya ci bashi, ina ganin yana da sarari ya bi nasu. Sannan ba dukiyar a dunƙule ake dubawa ba, kason kowane magaji ake dubawa. Wanda nasa ya kai nisabi, ƙimar giram 85 na zinari, a fitar masa da biyu da rabi cikin ɗari, ko da yaro ne. Wanda nasa bai kai ba, ko an haɗa da sauran kuɗinsa, babu komai a kansa.

Ƙara farashi ga mai karɓa bashi ya halatta, matuƙar kafin a rabu an tsaya a kan farashi ɗaya da wa'adi sananne. In wa'adin ya zo bai biya ba, ba a ƙara masa ko kwabo saboda jinkiri, wannan riba ce ta haram.

Wallahu a'alam.