Uwar da Ba Ta Yi Kuka a Gaban Kyamara Ba

Tambaya

Assalamu alaikum, Barista. Kwanan nan na kalli wani shiri a kan Lindy Chamberlain, matar nan 'yar Ostareliya da aka ɗaure bisa zargin ta kashe jaririyarta, daga baya aka tabbatar karen daji ne ya ɗauke yarinyar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin tsanar da mutanen ƙasarta suka yi mata. Amma in faɗa maka gaskiya, da aka nuna ta tana magana da 'yan jarida ido a bushe, ni kaina sai da zuciyata ta ɗarsa mini wani abu. Shin yanayin fuskar wanda ake tuhuma hujja ne a shari'a? Kuma surutun jama'a yana iya juya hukuncin kotu?

Daga wata uwa mai 'ya'ya uku

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ji daɗi da kika faɗi abin da ya ɗarsu a ranki ba tare da ɓoyewa ba, domin wannan ɗarsuwar ita ce tushen duk abin da ya sami matar nan. Miliyoyin mutane sun ji irin abin da kika ji. Bambancin kawai, ke kin kalli fuskarta ne bayan gaskiya ta fito, su kuwa sun kalle ta ne tun ana tsakiyar rigima.

Bari in fara da abin da ya faru. A daren 17 ga Agusta 1980, Lindy da mijinta Michael da 'ya'yansu uku suna zango a tanti kusa da dutsen Uluru, wanda a lokacin aka fi sani da Ayers Rock. Jaririyarsu Azaria tana da mako tara a duniya. Uwar ta kwantar da ita a tanti ta koma wurin da ake gasa abinci. Can aka ji kukan jariri. Da ta nufi tantin sai ta ga dingo, wato karen dajin Ostareliya, yana fitowa. Ta yi kururuwa cewa dingo ya ɗauke mata 'ya. Ɗaruruwan mutane suka bazama nema a daren. Ba a taɓa ganin gawar ba. Bayan mako guda aka tsinci kayan jikinta da jini a wuyan riga, sai dai babu wata 'yar rigar sanyi saƙaƙƙiya da uwar ta dage cewa ta sa mata a sama. Ki riƙe maganar wannan rigar, za mu dawo kanta.

Wata mata da ke zango kusa da su ta shaida cewa ta ji kukan jaririyar a daidai lokacin da Lindy take tsaye a gabanta. Masu bin sawu daga cikin 'yan asalin yankin sun ga sawun dingo da alamar ya ja wani abu a ƙasa. Shugaban masu gadin dajin ma ya riga ya gargaɗi hukuma cewa karnukan sun fara raina mutane. Alƙalin binciken musabbabin mutuwa na farko, Denis Barritt, ya yanke a Fabrairu 1981 cewa dingo ne, har ya bari aka yaɗa hukuncinsa kai tsaye a talabijin don ya kashe jita-jita. Bai kashe ta ba.

Jita-jitar kuwa ba ƙarama ba ce. Michael fasto ne a cocin Adventist masu hutun ranar Asabar, ɗariƙar da yawancin 'yan ƙasar ba su san komai a kanta ba, kuma shekara biyu kacal kafin nan mutane fiye da 900 suka mutu a Jonestown ta ƙasar Guyana a hannun wani jagoran ƙungiyar addini. Sai aka fara cewa sunan Azaria yana nufin hadaya a cikin jeji, alhali sunan Ibrananci ne mai ma'anar Allah ya taimaka. Aka ce uwar ta taɓa sa wa jaririyar baƙar riga, wai alamar wani abu ce. Da iyayen suka ce sun miƙa lamarin ga Allah, sun yarda da nufinsa, sai aka ce wace irin uwa ce za ta haƙura da wuri haka. Wannan wurin yana taɓa ni ƙwarai, domin abin da mai imani yake ɗauka a matsayin haƙuri da tawakkali shi ne aka juya ya zama shaidar rashin tausayi. Aka soki askinta, aka soki baƙin tabarau da take sawa, aka ƙirga rigunan da take sauyawa a zaman kotu. Aka buga riguna ana sayarwa da rubutun cewa dingo ba shi da laifi. Kururuwar da ta yi a daren da ta rasa 'yarta ta zama abin barkwanci, har ta tsallaka teku ta shiga shirye-shiryen ban dariya na Amurka.

To, tambayarki ta farko. A'a, bushewar ido a gaban 'yan jarida ba hujja ba ce a kan kowa. Abin da kotu take aunawa shi ne abin da aka gabatar a gabanta bisa rantsuwa, aka kuma ba ɗaya ɓangaren damar yi wa shaidar tambayoyin ƙure. Sai dai akwai wata ƙofa da doka ta bari a buɗe: idan mutum ya tsaya ba da shaida, alƙali ko masu taya shi yanke hukunci suna da damar lura da yadda yake amsawa, su auna ko za su gaskata shi. Ta wannan ƙofar fuska take shigowa, kuma a ganina an fi ba ta nauyin da ya wuce ƙarfinta.

Mun saba cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Tsakanin uwa da ɗanta, ko mata da mijinta na shekara ashirin, maganar tana da ƙamshin gaskiya, saboda kin san fuskar a ranar farin ciki da ranar baƙin ciki, kina da abin kwatantawa. Amma baƙuwar da kika gani daƙiƙa talatin a talabijin, da me za ki kwatanta ta? A 2006 masana halayyar ɗan Adam biyu, Charles Bond da Bella DePaulo, sun tattara sakamakon gwaje-gwaje fiye da 200 a kan yadda mutane suke gane mai ƙarya daga mai gaskiya. Abin da suka samu, mutane suna dacewa ne a kusan kashi 54 cikin 100. Wanda ya rufe ido ya yi canki-canka zai sami 50. Kuma baƙin ciki ba shi da kama ɗaya. Wata ta faɗi tana birgima, wata ta daskare ta kasa hawaye har sai bayan wata uku, wata ta yi ta shara da wanke-wanke don kada ta zauna ta yi tunani. Ke uwa ce, na san kin ga dukansu a gidajen makoki. Ƙari a kan haka, kyamara ba ta nuna yini guda, tana nuna abin da mai tace hoto ya zaɓa. Lindy ta yi kuka, har a cikin kotu, amma hoton da ya zauna a zukatan mutane shi ne na mace mai taurin fuska.

Abin da ya fi ciwo shi ne babu hanyar tsira ga wanda jama'a suka riga suka yanke wa hukunci. In ta yi kuka a ce na munafunci ne, in ta daure a ce zuciyarta dutse ce. Duk gwajin da kowace amsa take zama laifi a cikinsa, ba ya gwada komai.

Tambayarki ta biyu ta fi wuya, kuma zan amsa ta da taka-tsantsan. Abin da ya ɗaure Lindy a takarda shaidar masana kimiyya ce. An sake buɗe binciken, aka soke hukuncin farko, aka gurfanar da ita a Darwin a 1982 tana da tsohon ciki. Masu gabatar da ƙara suka ce ta yanka wuyan jaririyar da almakashi a kujerar gaba ta motarsu, ta ɓoye gawar a jakar kyamara. Wani farfesa daga Landan ya ce ya ga sawun tafin hannu na jini a rigar yarinyar. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta ce ta sami jinin jariri a cikin motar, har da wanda ya yi feshi a ƙarƙashin allon gaba. Babu gawa, babu makamin da aka tabbatar, babu wani dalili da aka iya kawowa na abin da zai sa ta kashe 'yarta, babu wanda ya ga ta yi. Duk da haka, a ranar 29 ga Oktoba 1982 masu taya alƙali su goma sha biyu suka same ta da laifi, aka yi mata ɗaurin rai da rai, aka sami Michael da laifin taimaka mata bayan aikatawa. Makonni kaɗan bayan haka ta haifi 'ya mace tana fursuna, aka raba ta da ita. Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ƙi ɗaukaka ƙararta a 1984, alƙalai uku suka rinjayi biyu.

Babu mai iya rantsewa a kan abin da ya gudana a zukatan mutum goma sha biyun nan. Amma ki lura da inda surutun jama'a yake aiki: yana aiki tun kafin a shiga kotu. Shi ke sa hukuma ta ji dole ta sake buɗe maganar da aka riga aka rufe. Shi ke sa mai bincike ya fita neman abin da zai tabbatar da zatonsa, ya kau da kai daga abin da zai rushe shi. Shi ke sa idan masani ya ce wannan jini ne, babu mai ƙwazon tambayarsa ya aka yi ya sani. Farfesa Barry Boettcher ya tsaya a kotu ya ce gwajin jinin ba abin dogaro ba ne, ba a saurare shi ba. Sannan an zaɓo masu yanke hukuncin ne daga ƙaramin gari, bayan shekara biyu ana tafka wannan muhawara a kowane gida da kowace mashaya. Ra'ayina shi ne gurɓatacciyar kimiyya ce ta ɗaure ta, amma tsanar jama'a ce ta share wa kimiyyar hanya.

Doka ta san wannan haɗari. A Ingila dokar raina kotu ta 1981 ta hana wallafa abin da zai iya yin mummunan tasiri a kan shari'ar da ke gudana. A Amurka, inda 'yancin jarida ya fi faɗi, Kotun Ƙoli ta soke ɗaurin wani likita, Sam Sheppard, a 1966 saboda yadda 'yan jarida suka mayar da shari'arsa kasuwa. Kuma wutar ba wanda ake tuhuma kaɗai take ƙonawa ba. A shari'ar O.J. Simpson, tsohon tauraron ƙwallon Amurka da aka tuhuma da kashe tsohuwar matarsa da abokinta, wadda aka yi a 1995 a Los Angeles, mai gabatar da ƙara Marcia Clark ta sha suka a kan gashinta da suturarta da rigimar riƙon 'ya'yanta, abokin aikinta Christopher Darden ya sha zagin cewa ya ci amanar baƙar fata, yayin da iyalan Nicole Brown da Ron Goldman, waɗanda aka kashe, suke zaune suna kallon mutuwar 'ya'yansu ta zama nishaɗin rana.

Kada in zalunci jama'a gaba ɗaya. Su ne kuma suka kafa ƙungiyoyin neman a sake ta, suka tara sa hannu fiye da 100,000, wasu masana suka yi ta gwaje-gwaje da kuɗin aljihunsu. Amma abin da ya buɗe ƙofar kurkuku ya zo ta inda ba a zata ba. A farkon 1986 wani ɗan yawon buɗe ido daga Ingila ya faɗo daga kan Uluru ya mutu. Ana neman ragowar gawarsa a wani wuri mai ramukan dingo sai aka tsinci 'yar rigar sanyin nan, wadda masu ƙara suka ce ƙirƙirarta Lindy ta yi. Cikin kwanaki aka sake ta, bayan kimanin shekara uku a ɗaure.

Hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Trevor Morling ta bi shaidun ɗaya bayan ɗaya a 1987. Feshin da aka ce jini ne a ƙarƙashin allon motar ashe wani sinadari ne da kamfanin ƙera motar yake fesawa don rage ƙara. Sawun tafin hannun da aka ce na jini ne, yawancinsa jar ƙasar jejin ce. An kuma nuna cewa ƙurar tagulla, irin wadda ta cika garin Mount Isa inda iyalin suke zaune, tana iya yaudarar gwajin farko da ake yi wa jini. A Satumba 1988 kotu ta soke hukuncin su biyun. A 1992 aka biya su diyyar dalar Ostareliya miliyan 1.3, kuɗin da bai kai abin da suka kashe a shari'a ba. Kafin nan auren ya mutu a 1991.

Ko da aka wanke su, mutane da yawa ba su sauka daga kan bakansu ba. Bincike na uku a 1995 ya ƙi faɗin abin da ya kashe yarinyar. Sai da dingo ya kai wa wasu yara hari a tsibirin Fraser, har ya kashe yaro ɗan shekara tara a 2001, sannan masu cewa karen ba ya taɓa ɗan Adam suka yi shiru. A ranar 12 ga Yuni 2012 alƙaliyar bincike Elizabeth Morris ta yanke cewa dingo ne ya ɗauke Azaria ya kashe ta, ta kuma yi wa iyayen ta'aziyya muryarta na rawa. A ranar suka karɓi takardar shaidar mutuwar 'yarsu da aka gyara, kusan shekara 32 bayan daren da uwar ta faɗi abin da ta gani. Michael ya rasu a Janairu 2017.