Amsa ga mai son zama malamin tarihi a kwalejin ilimi

Ƙanena, ka ce kana koyarwa a wata firamare a karkarar Ringim da shaidar NCE ta kammala kwalejin ilimi, kana tambayar yadda za ka kai ga horar da malaman tarihi a kwaleji. Hanyar a buɗe take, sai dai tana buƙatar haƙuri.

Matakin farko shi ne digiri a fannin ilimi da tarihi, kuma Jami'ar Bayero ta Kano tana karɓar mai NCE kai tsaye zuwa aji biyu idan sakamakonsa ya yi kyau. Ka tabbata ka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN. Daga nan sai digiri na biyu, domin ko ka samu aiki a kwalejin ilimi irin ta Gumel, ci gabanka zai dogara ne da ƙarin karatu da binciken da ka wallafa, kuma a nan asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, wato TETFund, yake ɗaukar nauyin malaman manyan makarantu.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada ka raina ƙauyenka. Dattawan da suka gaji labarin yaƙin Haɗeja da Turawa na 1906 daga iyayensu suna ƙarewa, zanen kan duwatsun Birnin Kudu kuwa ɗalibanmu da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Ka fara naɗar muryoyin dattawan tun yanzu, sannan ka gwada abin da suka faɗa da takardun Gidan Arewa, cibiyar bincike da adana tarihi a Kaduna, wataƙila kundin digirinka na biyu ya fito daga nan.