Tambayi Kawu Mai Gyara: Makaɗa Uku a Cikin Akwati, da Titin da Ba Ya Tafiya

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon na ajiye wasiƙun batirin sola da wayar da ta faɗa ruwa. Na tattaro waɗanda suka daɗe a aljihun tebur suna jirana, duk a kan tsofaffin gem.

Kawu, barka da aiki. Na ci karo da wasu kiɗe-kiɗe a YouTube, an ce na wata tsohuwar kwamfuta ne mai suna Commodore 64. Abokina ya ce ƙarya ne, kwamfutar 1982 ba za ta fitar da ganga da bes da busa a lokaci guda ba, a situdiyo aka haɗa. Mun sa musu har da kuɗin shayi. Wa ke da gaskiya?
*Wani ɗalibi daga Samaru, Zariya*

Ɗana, je ka karɓi shayinka, ka ce a sa maka madara da yawa. Sai dai ka duba da kyau, domin akwai waɗanda suke sake buga kiɗan da jita da biyano na zamani su ɗora. Idan wanda ka ji yana da ɗan kaifi, yana karkarwa kamar kukan gyare, to daga cikin kwamfutar ya fito.

Ni ban tashi da Commodore 64 ba, ba ta yawaita a wajenmu ba. Na fara ganinta ina yaron shago, ranar da wani malamin jami'a da ya yi karatu a Ingila ya kawo tasa wajen maigidana. Launinta ƙasa-ƙasa, ga kauri kamar burodin yanka, madannai a samanta. Talabijin ake jona mata. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne gem ɗin a kaset yake, irin kaset ɗin rediyo da muke sa wa'azi da waƙa. Malamin ya danna, muka zauna jira. Gefen allo ya yi ta walƙiya da layuka masu launi, minti ya bi minti, sai kawai kiɗa ya tashi tun gem ɗin bai gama shiga ba. Maigidana ya ajiye kan dalmarsa ya juyo.

Ga abin da ke ciki. Ƙwaƙwalwarta kilobait 64 ce kacal, daga nan ta samo sunanta. Hoto ɗaya da wayarka ta ɗauka ya ninka wannan ninkin ba ninkin. Saboda haka ba wurin ajiye kiɗan da aka naɗa. Abin da ake ajiyewa umarni ne: ɗaga wannan murya, sauke waccan, yi shiru nan. Mai karɓar umarnin wani ɗan ayisi ne, wato ƙaramin guntun lantarki da ke cikin na'urar, da ake kira SID, lambarsa 6581, wanda injiniya Bob Yannes ya tsara. Muryoyi uku gare shi. Ka ɗauka makaɗa uku ne aka kulle a akwati, ba na huɗu.

Kowane makaɗi yana iya sauya kayan kiɗansa iri huɗu. Akwai sauti mai laushi kamar sarewa, akwai mai kaifi kamar algaita, akwai mai ƙoƙo wanda ake iya matse shi a sake shi yana cikin kuka, kamar yadda makaɗi yake matse kalangu a hammata. Na huɗun ba kiɗa ba ne ma, shuuu ɗin nan ne da rediyo take yi idan ba ta kama tasha ba. Da wannan shuuu ɗin ake yin ganga: a sake shi na ƙiftawar ido, a bi shi da sauti mai faɗowa ƙasa, kunne ya ji dum. Makaɗin da ya buga gangar shi ne zai koma ya riƙe bes kafin bugu na gaba. Kai kana jin mutum biyu, alhali mutum ɗaya ne yake ta kai-komo.

Karkarwar da na ambata ita ce babbar dabarar. A biyano mutum yana danna madannai uku tare su ba da amo ɗaya mai daɗi. A nan idan ka yi haka ka cinye makaɗanka duka. Sai suka sa murya ɗaya tana tsalle tsakanin sautukan uku, tana canjawa sau 50 a daƙiƙa, daidai da saurin da talabijin ɗin Turai take sabunta hoto. Kunne ba ya iya raba su, sai ya haɗa. Wanda ya taɓa zama gaban gwanin kuntigi ya san wannan: tsirkiya ɗaya ce, amma hannu ya cika fili da ita.

Mutanen da suka yi wannan aiki yawanci 'yan Turai ne, ko da yake kwamfutar ta kamfanin Amurka ce. Rob Hubbard, mutumin Hull a Ingila, makaɗi ne tun asali, ya koya wa kansa rubuta umarnin na'ura. Kiɗan da ya yi wa gem ɗin Monty on the Run a 1985 har yau ana gwada gwanaye da shi. Martin Galway, haifaffen Belfast, ya yi wa kamfanin Ocean na Manchester kiɗan zaman jiran kaset. Akwai Chris Hülsbeck a Jamus da Jeroen Tel a Holan.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai gyara aibin ayisin ne. Duk lokacin da aka canja ƙarfin murya a 6581, yana yin ɗan ƙas. Lahani ne. Sai gwanaye suka gano idan aka jera ƙas-ƙas ɗin nan dubbai a daƙiƙa, za a iya fitar da bugun ganga na gaske, har da maganar mutum. Galway ya yi gangunan gem ɗin Arkanoid da shi a 1987. Da kamfani ya fito da sabon ayisi, 8580, ya gyara lahanin, sai waɗannan gangunan suka koma can ƙasa-ƙasa da kyar ake jin su. Gyara ya zama ɓarna. Kuma matatar sautin 6581 ba ta fita daidai daga wannan ayisi zuwa wancan, shi ya sa kwamfuta biyu za su buga kiɗa ɗaya kowacce da muryarta.

Idan abokin naka ya ƙi yarda, ku nemi tarin da ake kira High Voltage SID Collection. Tun 1996 ake tara shi, ya haura kiɗa 50,000. Ku duba girman fayil ɗaya. Yawanci 'yan kilobait ne, situdiyo ba ta haihuwar irin wannan.

Malam, a zamaninmu mun kashe kuɗin tara a gidan gem kan Top Gear da Road Rash. Yanzu ɗana yana yi mini dariya, wai hotunan a shafe suke, ba zurfi. To ni dai na san titin yana lanƙwasa, yana hawa tudu, har jikina yana karkacewa. Yaya aka yi haka?
*Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi*

Alhaji, ɗanka bai yi ƙarya ba, kai ma jikinka bai yi ƙarya ba. Motar ba ta zuwa ko'ina. Tana nan ƙasan allo, dama da hagu kawai take yi. Titin ma ba tafiya yake ba.

Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi tana zana hoto ne layi-layi, daga sama zuwa ƙasa. Mai gem sai ya zana titi siriri a can inda sama ta haɗu da ƙasa, yana faɗaɗa shi layi bayan layi har ya cika ƙasan allo. Idan ana son kwana, sai a riƙa zame kowane layi gefe kaɗan, na nesa ya fi na kusa zamewa. Ɗauki kwalin karta ka tura samansa da yatsa, ka ga yadda ya karkace? Kwanar ke nan. Gudun kuma ratsi ne: ciyawa mai duhu da mai haske, ja da fari a bakin titi, ana sauko da su zuwa gare ka. Bishiya da allon talla kuwa hoto ne da ake sauyawa daga ƙarami zuwa babba. Ido ya ga haka ya ce wa ciki ana gudu.

Pole Position na kamfanin Namco, 1982, shi ya kafa wannan salo na kallon mota ta baya, a kan filin tseren Fuji na Japan. Amma wanda ya kai abin ƙololuwa Out Run ne na Sega a 1986. Yu Suzuki, wanda ya tsara shi, sai da ya zaga Turai a mota yana kallon tituna. Jar Ferrari Testarossa marar rufi, tudu da gangare, titi yana rabuwa biyu ka zaɓi hannunka, ƙarshensa wurare biyar. Kafin ka tashi mota kuma za ka murɗa rediyo ka zaɓi ɗaya cikin kiɗa uku na Hiroshi Kawaguchi. Da kamfanin US Gold ya kawo shi kwamfutocin gida a 1987, sai ya saka kaset ɗin kiɗan na asali a cikin kwalin, ka kunna a rikodarka kana tuƙi.

Top Gear ɗinka na Super Nintendo ne, 1992, kuma jikan kwamfutar gida ne. Kamfanin Gremlin na Sheffield ya yi shi, bayan gem ɗinsa na motocin Lotus a kan kwamfutar Amiga. Barry Leitch, ɗan Sukotlan, shi ya yi kiɗan, har ya ɗebo wasu daga aikinsa na Lotus. Ba ku kaɗai kuka haukace a kansa ba. A Barazil ya shiga jinin mutane, har wani kamfani na can ya nemo Leitch ya yi masa kiɗan Horizon Chase a 2015. Road Rash kuma, na 1991, ka san hannun wa ke cikin kiɗansa? Rob Hubbard ɗin nan da na gaya wa ɗalibin Samaru, bayan ya koma Amurka aiki da Electronic Arts.

Ni a wajena Top Gear ya fi. Road Rash dambe ne a kan babur, ka yi dariya ka tashi. Top Gear lissafi ne. Yara suna rububin jar mota saboda gudu, ta shanye mai ta bar su a hanya. Ni farar nake ɗauka, in ɓoye naitiro ɗina guda uku, wato abin ƙara wa mota gudu na ɗan lokaci, sai zagayen ƙarshe. Ka zaunar da yaron nan ka ba shi jar.

Kawu, na sa gem ɗin Sonic a wayata, sai na ji kiɗan yana sauri fiye da yadda na sani muna yara. Ko tsufa ne?
*Wata malamar asibiti daga Gusau*

'Yata, ba tsufa ba ne. Talabijin ɗinmu tsarin PAL ne irin na Turai, hoto 50 a daƙiƙa. Na Amurka da Japan NTSC ne, 60. Gem da yawa na wancan zamani da bugun talabijin suke ƙirga lokaci, saboda haka a na'urar PAL komai yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin shida, har kiɗan. Na wayarki shi ne saurin da masu gem ɗin suka nufa. Mu ne muka tashi da mai nawa.

Ranka ya daɗe, yayana ya aiko da kaya daga Amurka, a ciki har da tsohuwar Sega da kaset-kaset ɗinta. Yara sun matsa a kunna. In jona kawai? Kuma maigida ya ce hura kaset ake yi da baki idan ya ƙi.
*Wata uwar gida daga Unguwar Rimi, Kaduna*

Hajiya, don Allah a dakata. Juya adaftar ki karanta bayanta. Idan kin ga 120V, wutar Amurka ce, tamu kuwa 220 zuwa 240. Ana jonawa za ta yi hayaƙi. Ko a nemo taransifoma mai rage wuta, ko a kai wa mai gyara ya zaɓo adafta ta nan wadda ta dace. Ya duba ƙarfinta, ya kuma duba ɓangaren da ke tsakiyar bakin, domin Sega ta farko da ta biyu sun saɓa a nan, bakinsu ma ba ɗaya ba ne. Hoton kuma a bi ta wayar nan mai jan kai da fari da rawaya. Yawancin talabijin na yanzu suna karɓar NTSC ta nan. Idan hoto ya fito fari da baƙi, ba lalacewa ta yi ba, talabijin ce ba ta gane launin ba.

Batun hurawa, a gaya wa Alhaji da ladabi cewa duk mun yi, kuma duk mun yi kuskure. Cirewa da mayarwar ce take sa haƙoran kaset su kama, ba iskar ba. Danshin baki tsatsa yake jawowa. A samo sifirit da tsinken goge kunne, a goge haƙoran har audugar ta daina baƙi, a bar shi ya bushe.

Kwamfutar malamin jami'ar nan da na ba da labari a sama, ni na kashe ta. Ya sake kawo ta bayan wasu shekaru, lokacin na fara jin kaina gwani. Ban auna akwatin wutarta ba na jona. Irin wannan akwatin idan ya tsufa, layin da ya kamata ya ba da bolt 5 yakan haura, ya bi ayisin ƙwaƙwalwa ya ƙone su. Allo ya cika da tarkacen haruffa, daga nan ya yi baƙi. Malamin bai yi faɗa ba. Ya tambaya ko mai kiɗan ya tsira, maigidana ya zare SID ɗin daga gurbinsa, ya naɗe masa a takarda, ya sa a aljihun gaban rigarsa ya tafi.