Hukuncin buga wasan Doom a na'urar Game Boy Advance

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 11 ya samu tsohuwar na'urar Game Boy Advance da kaset ɗin wasan Doom a wurin kawunsa. Na leƙa na ga bindiga ce kawai a gabansa yana harbin dodanni, an kuma ce har da aljanu da wuta a ciki. In bar shi ko in karɓe?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya shirya mana zuriya.

Sai an san abu ake yanke masa hukunci. Doom ya fara fitowa a kwamfuta a 1993 daga kamfanin id Software, aka mayar da shi kan wannan na'ura a 2001. Labarinsa ƙirƙirarre ne: wani soja a sansanin bincike da ke kan watannin duniyar Mars, gwajin masana ya buɗe ƙofa, halittun da wasan ke kira shaiɗanu suka kwararo. Mai wasa yana gani ne da idon sojan, shi ya sa bindiga kaɗai kika hango. A wannan bugun an mayar da jini kore, gawa kuma ɓacewa take yi, don haka hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sa masa alamar 'yan shekara 13 zuwa sama.

Asalin wasa halal ne sai in haram ta shige shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da mashi a masallaci, Annabi (SAW) ya bar Nana A'isha tana kallo. Wani zai kawo maganar Risala cewa wasan nardu (wanda ake jefa ƙwaya mai ɗigo irin ta ludo) da shaɗaranji (wato chess) bai halatta ba. Nardu akwai nassi a kansa a Sahihu Muslim. Shaɗaranji kuwa an yi saɓani: Imam Malik ya ce babu alheri a cikinsa, Shafi'iyya suka tsaya a karhanci. Illar da malamai suka fi ambata ita ce caca da shagala daga salla, kuma da ita za mu auna wannan.

Harbin ba kisa ba ne, domin babu rai a cikin kaset. Surar dodannin ma haske ne da ke gushewa da an kashe na'ura. Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha tana da dokin wasa mai fukafukai, Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya bai hana ba.

Inda na fi tsayawa shi ne aƙida. A matakan ƙarshe sojan yana shiga abin da wasan ke kira Jahannama, ya yi yaƙi a ciki da bindiga ya ci nasara. Babba ya san tatsuniya ce. Yaron da bai gama karanta Ahlari ba kuwa, hoton da ya fara zama a kansa shi ke riga karatu, sai wuta ta zame masa filin jarumta, shaiɗan kuma dodon da harsashi ke kashewa, alhali makaminsa isti'aza ce da zikiri.

Sai lokaci. Wasan ba ya ajiye ci gaba sai an kammala mataki, wanda ya kashe na'ura a tsakiya daga farkon matakin zai sake. Nan ne za ki ji "Umma bari in ƙarasa" ana kiran salla. Maganinsa maɓallin Start, yana dakatar da wasan, batir biyu na AA kuma suna kai wajen awa 15, ba za su ƙare don raka'a huɗu ba. Na'urar ta asali ba ta da fitila a fuskarta, wasan kuma duhu ne, yaro zai yi ta matse ido. Kada ya buga da dare.

Ana haɗa na'urori har huɗu da waya a yi ta harbin juna. Wannan ya halatta, amma da an ce wanda aka ci zai ba da kuɗi, batir ko kaset, ya zama caca, haramun ce da nassin aya ta 90 a Suratul Ma'ida, ko da naira goma ce.

Don haka ga baligi mai hankali ya halatta in bai taɓa salla da haƙƙin iyali ba, barinsa kuma ya fi. Ɗanki kuwa bai kai shekarun da su kansu masu tantancewar suka gindaya ba. Ki cire kaset ɗin Doom ki ajiye, ki bar masa na'urar da wasan tsere ko ƙwallo, ki yanka masa lokaci bayan ya dawo daga Islamiyya. Ki kuma faɗa masa dalili, kada ya ga kamar ƙwace ne. Wallahu a'alam.