Mutuwa da taimakon likita a Birtaniya: me ya sa maganar asibiti ta mamaye muhawarar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na daɗe ina bin labarin ƙudirin da majalisar dokokin Birtaniya ta yi ta kai-kawo a kansa, wanda zai bai wa mai ciwon ajali damar neman likita ya taimaka masa ya mutu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, na ji ministan lafiyar ƙasar da kansa ya ƙi ƙudirin, wai saboda halin da asibitocin gwamnati ke ciki. Me ya haɗa cunkoson asibiti da wannan magana? Ni a ganina batu ne na halal da haram kawai. Allah ya ƙara basira. (Daga wata mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, amin, na gode. Ɓangaren halal da haram ba shi da wata sarƙaƙiya a wurin Musulmi. Ayar Suratun Nisa'i ta ce kada ku kashe kanku, kuma malamai ba su yi saɓani ba a kan haramcin a sha ko a ba da abin da zai ɗauke rai da gangan. Cocin Katolika da shugabannin cocin Ingila ma sun tsaya a kan ƙi. Sai dai majalisar da ta zauna a Landan doka take yi wa mutane miliyoyi, masu addini da marasa addini, don haka hujjar da ta fi yin tasiri a zauren ta fito ne daga ɗakin jinya. Bari mu fara da abin da ƙudirin ya ƙunsa, saboda mutane da yawa suna yin hukunci a kan abin da babu shi a ciki.

'Yar majalisa Kim Leadbeater ta jam'iyyar Labour ce ta gabatar da shi, kuma Ingila da Wales ya shafa. Sharuɗɗansa su ne mutum ya kai shekara 18, yana cikin hankalinsa, ya zauna a ƙasar aƙalla shekara guda, kuma likitoci na ganin ba zai wuce wata 6 ba. Likitoci biyu za su duba shi daban-daban. Da farko an ce sai alƙalin babbar kotu ya sa hannu, daga baya aka cire alƙalin aka sa kwamitin mutum uku: babban lauya, likitan ƙwaƙwalwa, da jami'in jin daɗin jama'a. Maganin kuwa marar lafiyar ne zai sha da hannunsa, likita ba zai yi masa allura ba. Ranar 29 ga Nuwamba 2024 ƙudirin ya tsallake karatu na biyu da ƙuri'a 330 da 275. Ranar 20 ga Yuni 2025 ya tsallake na uku da 314 da 291, wato ratar ta sauko daga 55 zuwa 23, sannan ya wuce majalisar dattawa ta Lords, inda aka jibge masa gyare-gyare. Jam'iyyu ba su tilasta wa kowa ba, kowa zuciyarsa ya bi. Shi ya sa firaminista Keir Starmer ya goyi baya, ministan lafiyarsa Wes Streeting ya ƙi, haka ma Shabana Mahmood wadda ke riƙe da ma'aikatar shari'a a lokacin. A 2015 wannan majalisar ta yi watsi da makamancin ƙudirin da ƙuri'a 330 da 118, kin ga irin sauyin da aka samu cikin shekara 10.

To, yanzu ga inda asibiti ya shigo. Duk ginin ƙudirin a kan kalma ɗaya ya tsaya: zaɓi. Ana cewa mutum ne ya zaɓa, babu wanda ya matsa masa. Har an tanadi ɗaurin da zai kai shekara 14 ga wanda ya tursasa wani. Amma zaɓi sai da abu biyu a gabanka. Idan aka ce wa mutum ga mutuwa cikin sauƙi nan da 'yan makonni, ko kuwa ga kulawa mai kyau har ajali ya zo, ya yi zaɓi. Idan kuwa na biyun babu shi, abin da ke akwai shi ne kwana a kan gadon turawa a barandar sashen gaggawa da jiran ma'aikaciyar jinya da ba za ta iso ba sai gobe, to tura ta kai bango ne aka lulluɓe da sunan zaɓi. Wannan ce damuwar Streeting, cewa kulawar ƙarshen rayuwa a ƙasar ba ta kai matsayin da za a ce mutum ya zaɓa da 'yancinsa ba.

Ki duba yadda kuɗin yake. Hukumar lafiya ta NHS, wadda aka kafa a 1948, tana duba mutum kyauta a lokacin da ya zo, amma jerin masu jiran magani a Ingila ya haura miliyan 7 tun bayan annobar korona. Gidajen jinyar masu ciwon ajali kuwa, waɗanda ake kira hosfis, yawancinsu ba na gwamnati ba ne. A Birtaniya aka haifi wannan fanni, lokacin da Cicely Saunders ta buɗe St Christopher's a Landan a 1967, amma har yau abin da gwamnati ke ba su bai wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin da suke kashewa ba. Sauran daga sadaka ne, da wasiyya, da shagunan sayar da tsofaffin kaya, da mutanen da ke gudun famfalaki don tara musu gudummawa. Sai a 2022 doka ta wajabta wa hukumomin lafiya na yankuna su tanadi kulawar sassauta raɗaɗi, kuma dokar ba ta zo da kuɗinta ba. A Disamba 2024, ana tsakiyar wannan muhawara, gwamnati ta ba da fam miliyan 100, amma na gini da kayan aiki ne, ba na albashin ma'aikata ba. Abin da ya tsaya wa masu adawa a rai ke nan: ana shirin tsarin da gwamnati za ta ɗauki nauyin mutuwar mutum, alhali gadon da zai kwanta a sassauta masa ciwo sai an yi bara.

Bari in nuna miki abin a kusa. Dattijo ne mai ciwon dajin da ya kai ƙashi, yana gida, matarsa ce ke jinyarsa. Ƙarfe biyun dare ranar Asabar ciwon ya motsa. Ƙwayar morfin, maganin kashe zafin ciwo, da aka rubuta masa ba ta haɗiyuwa saboda amai. Abin da yake buƙata ƙarami ne: wata na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, mai tura magani a hankali ta siririyar allura a ƙarƙashin fata, da ma'aikaciyar jinya da za ta ɗaura ta. A inda ake da masu zuwa gida da dare, cikin awa biyu ya yi barci. A inda babu, matar za ta yi ta kiran waya har gari ya waye, ko motar asibiti ta kwashe shi zuwa sashen gaggawa. Idan likita ya tambayi wannan dattijo ranar Litinin ko yana son ya ci gaba da rayuwa, amsarsa ta danganta da wane daren Asabar ya gani. Kwamitin mutum ukun nan zai iya gano ɗan da ke kwaɗayin gado, amma ba shi da ma'aunin da zai gano matsin da rashin ma'aikaciyar dare ya jawo. Na sha jin marar lafiya ya ce "ku bar ni in tafi", bayan kwana uku an shawo kan ciwon yana tambayar ko jikarsa ta ci jarrabawa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A jihar Oregon ta Amurka, wadda dokarta ta fara aiki a 1997 kuma ita Birtaniya ta kwaikwaya, hukuma na tattara dalilan da masu nema ke bayarwa duk shekara. Zafin ciwo ba shi ne kan gaba ba. Abin da ya fi yawa shi ne mutum ya kasa yi wa kansa komai, ya rasa abubuwan da ke sa masa jin daɗin rayuwa, kuma da yawa suna ambaton tsoron zame wa iyali nauyi. Jin cewa ka zama kaya ba ciwon jiki ba ne. Yana ƙaruwa ne idan 'yarka ta ajiye aikinta don ta riƙa juya ka, saboda babu mai taimako daga hukuma.

Kanada ce misalin da aka fi ambata a zauren. Ta halatta abin a 2016 bayan hukuncin kotun ƙoli na 2015, ga waɗanda mutuwarsu ta ƙarato. A 2021 aka cire wannan sharaɗi, mai naƙasa ko doguwar cuta ma ya shiga. A 2023 mutum sama da 15,000 suka mutu ta wannan hanya, kusan 1 cikin 20 na duk mace-macen ƙasar. A 2022 ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta amince cewa wani ma'aikacinta ya kawo wa wasu tsofaffin sojoji batun alhali taimako suka zo nema. Masu goyon bayan ƙudirin Birtaniya suna cewa nasu ya fi na Kanada tsauri nesa ba kusa ba, kuma gaskiyarsu, domin Oregon ta shekara kusan 30 ba ta cire sharaɗin wata 6 ba. Amma shi kansa wata shidan ƙiyasi ne. Mu likitoci mun fi iya cewa saura kwanaki idan mutum ya zo gargara, hasashen watanni kuwa muna yawan kuskurensa.

Adalci ne in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren da nauyinta, don ba sakarkaru ba ne. Sun ce ko an gyara asibiti tsaf, akwai ƙalilan da magani ba ya kashe musu ciwo, kuma wannan gaskiya ne, duk wanda ya yi aikin nan ya gani. Sun ce dokar 1961 da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga mai taimaka wa wani ya kashe kansa ba ta hana komai ba, sai dai ta bambanta mai hali da maras hali: mai fam 10,000 ko fiye yana tashi zuwa Dignitas, ƙungiyar da ke taimaka wa marar lafiya ya mutu a Suwizalan, wanda ba shi da su yana yin abin shi kaɗai a ɗaki ta mummunar hanya. Sun kuma ce idan sai NHS ta gyaru za a yi doka, to an ce da kare tuwo ya yi yawa a gidan biki, jiran ba zai ƙare ba. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta BMA ta koma 'yar ba-ruwanmu tun 2021, amma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta fito a Mayu 2025 ta ce ba za ta goyi bayan ƙudirin a yadda yake ba.

Faransa ta bi wata hanya da ta fito da matsalar fili. An raba maganar gida biyu, ƙudirin kulawar sassauta raɗaɗi daban, na taimakon mutuwa daban. Ranar 27 ga Mayu 2025 majalisar wakilai ta amince da na farkon ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, na biyun kuma 305 da 199. Kowa na son a kula da mai jinya idan ɗaga hannu ne kawai. A lokacin kuwa gundumomi kusan 20 na ƙasar ba su da sashen wannan kulawa ko ɗaya.

Ra'ayina, ko an ajiye addini gefe, shi ne majalisar Birtaniya ta sa na baya a gaba. Abin da ta iya yi wa kulawar ƙarshen rayuwa a cikin ƙudirin bai wuce wajabta wa gwamnati ta fitar da rahoto a kan halin da take ciki ba, rahoto kuwa ba ya zuwa gida ƙarfe biyun dare.

Abu na ƙarshe, saboda na san zai zo miki a rai idan kina da majinyaci. Ƙin karɓar maganin da ba ya amfani, ko cire na'urar numfashi daga wanda likitoci suka tabbatar ba za ta tashe shi ba, ba shi ne abin da ake muhawara a kai ba. Dokar Birtaniya ta riga ta yarda da shi, malaman fiƙihu da yawa ma sun halatta shi. Haka morfin idan an auna shi daidai da ciwon, ana ƙarawa sannu a hankali, ba ya gaggauta ajali. Na ga iyalai suna hana a ba mahaifinsu don tsoron kada su zama sun kashe shi, yana ta murƙususu har kwana biyu. Idan likita ya kawo shawarar, ki tambaye shi adadin da zai fara da shi, da bayan awa nawa za a sake dubawa, sannan ki bari a ba shi.