Hajiya ta kwanta a Landan, Yaya ya ce a kawo yarinya daga gida

Wasiƙar wannan makon daga gabashin Landan ta fito, daga wata baiwar Allah da ta nemi a sakaya sunanta. Mahaifiyarta tana da shekara 76. Ta zo Ingila da marigayi mijinta tun shekarun 1990, tana da takardar zama ta dindindin, amma ba ta taɓa neman fasfon ƙasar ba. Bara ta samu shanyewar ɓarin jiki. Yanzu sai an ɗaga ta, sai an yi mata wanka, ga mantuwa ta fara shigowa. Ita 'yar tana aikin dare, ga yara uku. Da ta ce za ta nemi taimakon hukuma, sai yayanta da ke Kaduna ya ce ba dai a gidansu ba, bare ba zai ga tsiraicin uwarsu ba. Ya samo wani ejan da ya ce zai kawo 'yar kawunsu da bizar masu kula da tsofaffi a kan fam 9,000, a ba da rabi tukuna. In ba haka ba, a mayar da Hajiya gida. Ta rufe da cewa: "Na gaji, kuma ina tsoron alhakin uwa."

Ƙanwata, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Ke kuma sannu da ɗawainiya.

Kada ki tura wa mutumin nan ko sisi. Hanyar da yake cewa zai bi an toshe ta tun ranar 22 ga Yulin 2025, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta daina karɓar sababbin masu neman bizar aikin kula daga ƙasashen waje. Ko lokacin da take buɗe ma, kamfani mai lasisin ɗaukar nauyin ma'aikata ne kaɗai ke iya kawo mutum, kuma aikin kamfanin zai yi, ba na gidanku ba. Ba a taɓa ba magidanci damar ya kawo 'yar kawunsa da wannan bizar ta zauna masa da tsohuwa a ɗaki ba. To me yake sayarwa ke nan?

Ɗaya cikin biyu ne. Ko ya karɓi rabin kuɗin ya yi ta cewa takarda na hanya har lambarsa ta daina shiga, ko ya shigo da yarinyar da bizar ziyara, wadda wata 6 ce kuma ba ta halatta aiki ba. Na biyun ya fi muni. Na ga yarinyar da aka kawo a haka. Wa'adinta ya ƙare, fasfonta na hannun ejan, ko zubar da shara ba ta iya fita yi sai da dare, in an ƙwanƙwasa ƙofa sai ta shige bayi ta kulle. Masu gidan ba mugaye ba ne, su ma nasu yayan ne ya ba su shawara. Amma a idon doka su ne suka sa marar izini aiki, kuma tun Fabrairun 2024 tarar wannan laifin tana iya kaiwa fam 45,000 a karon farko. In ta tabbata an riƙe mata fasfo an hana ta fita, magana ta koma kan dokar bautar da mutane ta 2015. A lokacin Yaya yana Kaduna, ejan ya sauya layi, adireshinki ne a rubuce. Ki tambayi mutumin lambar rajistarsa da IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, ko ya nuna shi lauya ne mai rajista. Ki ji yadda zai fara kame-kame.

Batun mayar da Hajiya gida ma akwai tarko a ciki. Mai takardar zama ta dindindin in ya haura shekara 2 a waje, takardar ta faɗi. Ranar da jiki ya tsananta kuka so dawo da ita asibiti nan, sai ku tarar sai an nema mata bizar dawowa tukuna. In Hajiya da bakinta ta ce gida take so, wannan zaɓinta ne, a girmama shi, a fara bincika batun fasfon Birtaniya kafin ta tafi. Amma kada a tura ta don a huce takaicin musu.

Gobe da safe, in kin dawo daga aiki, ki kira kansul ɗin unguwarku, wato ƙaramar hukumarku, ki nemi sashen kula da manya, ki ce kina so a zo a tantance buƙatun mahaifiyarki. Dokar kula ta 2014 ta wajabta musu yin hakan ga duk wanda ake ganin yana buƙatar kulawa, kyauta ne, kuma ba ruwansu da abin da kike samu. Likitanta na GP, wato likitan unguwa da take da rajista a wurinsa, shi ma yana iya tura sunanta. Ki nemi tafinta mai jin Hausa, kada ki zama ke ce mai fassara, don akwai abin da uwa ba za ta faɗa ta bakin 'yarta ba.

A nan mutanenmu suka fi yin asara. Ma'aikaciya za ta zo, ki tarar Hajiya ta sa an ɗaura mata ɗankwali mai kyau, ta gyara zama, a tambaye ta ko tana iya shiga bayi da kanta ta ce "lafiya lau, alhamdulillahi". Kunya ce da kawaici, amma abin da aka ji shi za a rubuta, a tafi a bar ki da kayanki. Don haka ki sayi ɗan littafi tun yau. Ki riƙa rubuta sau nawa ta tashe ku da dare, ranar da ta zame a banɗaki, ranar da ta kunna gas ta manta, yadda bayanki ke yi in kin ɗaga ta daga gado. Ranar da ta fi wahala ita za ki ba su labari, ba ranar da jiki ya yi sauƙi ba.

Maganar Yaya ta tsiraici tana da tushe, ba zan watsar da ita ba. Amsarta ita ce ki sa a rubuta cikin tsarin kulawar cewa mace kawai za ta yi mata wanka, a yi mata tsarki da ruwa, a taimaka mata da alwala, abinci na halal, a kiyaye lokutan sallah. Dokar ta ce a yi la'akari da ra'ayi da aƙidar wanda ake kula da shi. Kuma babu wanda ya ambaci gidan tsofaffi. Mai kula tana iya zuwa da safe ta dawo da yamma, Hajiya na kan gadonta, jikokinta na kewaye da ita. Ƙarfen riƙewa a bayi, kujerar wanka da sauran ƙananan gyare-gyare da ba su wuce fam 1,000 ba, kansul ke sawa ba tare da caji ba. Akwai kuma tsarin da kansul ke ba da kuɗin a hannu, ku ɗauki wadda kuke so. Ta nan za ki iya samun Bahaushiya ko Musulma 'yar Afirka mai izinin aiki, ki tabbatar da izinin a shafin gwamnati kafin ta fara. Sai dai ki sani kin zama mai ɗaukar ma'aikaci, da albashi da inshora a wuyanki, kuma yawanci ba a yarda a biya ɗan uwa na kusa da ke zaune gida ɗaya da mara lafiyar.

Kuɗin Hajiya za a duba, ba naki ba. In ajiyarta ta haura fam 23,250, ita za ta biya. In ba ta kai ba, kansul na sa hannu gwargwadon abin da ke shigo mata, kuma muddin a gida ake kula da ita ba a lissafa gidan da take ciki. Ki nema mata Attendance Allowance, tallafin kuɗi na gwamnati ga tsofaffi masu buƙatar kulawa, wanda ba a duba dukiya kafin a bayar: a shekarar 2025 zuwa 2026 fam 73.90 ne ko fam 110.40 a mako. Fom ɗin dogo ne, ƙungiyar agajin tsofaffi ta Age UK na taimakawa a cika shi. Ke ma kina da haƙƙin a tantance halin da kike ciki a matsayin mai jinya, ta nan ake samun kwanakin hutu. Kuma tunda mantuwa ta fara, ku hanzarta ta sa hannu a takardar wakilci ta dindindin, wadda ke ba wani ikon yanke shawara a madadinta in ta kasa, yanzu da hankalinta ke tare da ita. In an makara, sai an bi ta kotu, ga tsada ga jinkiri.

In kamfani za ki ɗauka, ki buga sunansa a shafin CQC, hukumar da ke duba masu aikin kula a Ingila, ki karanta rahoton binciken ƙarshe. Ki tambaye su ko fuska ɗaya za ta riƙa zuwa, don mai mantuwa ba ta son baƙuwar fuska kullum. Antin da ake tallatawa a zauren WhatsApp, a biya ta a hannu ba takarda, ki bar ta. Ranar da Hajiya ta suɓuce mata, babu inshora, babu wanda za ki kama.

Saura Yaya. Ba zan ce ki yi masa rashin kunya ba, babba ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke ce ke sauya zanin gado ƙarfe 3 na dare a ranakun hutunki, ke ce ke tafiya aiki ido ba barci. Biyayyar iyaye a kan 'ya'ya duka take, maza da mata, kuma ba a sauke ta da saƙon murya. Abin da ya fi ba ni haushi a irin waɗannan wasiƙun shi ne yadda ake ɗora wa 'ya mace jinyar gaba ɗaya, sannan a tsoratar da ita da alhaki in ta ce wash. Neman wadda za ta taya ki ɗaga Hajiya ba yar da uwa ba ne. Ranar da bayanki ya ƙage ko kika rasa aikin, wa zai zo?

Ki faɗa masa cikin ladabi cewa bizar ta daina aiki, ki tura masa shafin gwamnati ya gani da idonsa. Kuɗin da ya yi niyyar haɗawa a ba ejan, ya riƙa turo su wata-wata a ƙara awoyin mai kula. In yana son ganin halin da mahaifiyarsa ke ciki, ya nemi bizar ziyara da sunansa, ya zo ya kwana a ɗakinta ko na mako biyu ne. Ranar da ma'aikaciyar kansul za ta zo, ki kira shi ta bidiyo ya saurara, kawu ma in yana so. In kansul sun yi jinkiri ko sun ƙi, ki nemi su ba ki dalilinsu a rubuce, ki turo mini, mu duba yadda za a shigar da ƙorafi.