Sake zama jarrabawar GMAT ga ma'aikacin da ba ya tashi aiki sai dare

Tambaya: Ni ma'aikacin banki ne, ina fita da sassafe, ba na dawowa gida sai bayan isha'i. Na zauna jarrabawar GMAT domin neman gurbin digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, na samu maki 555, alhali makarantun da nake hari sun fi ɗaukar masu 645. Ina so in sake zama, kuma ba zan iya ajiye aiki ba. Ta ina zan fara, kuma yaushe ya dace in koma?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ɗauko littafi ka sake farawa daga shafin farko, domin lokacinka bai kai ka maimaita abin da ka riga ka iya ba. Ka fara da rahoton sakamakon da hukumar GMAC, mai shirya jarrabawar, ta ba ka. A tsarin da aka fara a watan Nuwamba na 2023, jarrabawar kashi uku ce, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja mai tambaya 23, sai nazarin bayanai mai tambaya 20, kuma nauyinsu ɗaya a jimillar makin da ke tashi daga 205 zuwa 805. Rahoton yana nuna irin tambayoyin da suka kayar da kai da tsawon lokacin da ka ɓata a kansu, kuma daga nan za ka san inda makinka ya zube.

Ka tanadi littafin rubutu na musamman domin kurakuranka. Duk tambayar da ka faɗi a atisaye, ka rubuta dalilin faɗuwar a gabanta: ko ƙa'idar ce ba ka sani ba, ko ka san ta amma gaggawa ta sa ka amsa abin da ba a tambaye ka ba, ko kuwa lokaci ne ya ƙure. Na farkon karatu ke maganinsa, sauran biyun kuwa sai an canza yadda ake tunkarar tambaya, kuma a ganina su ne suka fi damun ma'aikata irinka. Ma'aikacin banki yakan ɗauka lissafi ba zai ba shi wuya ba, ya manta cewa ya shekara da shekaru kwamfuta ke yi masa, ga shi kuma ba a yarda da kalkuleta a kashin lissafi ba, sai a kashin nazarin bayanai. A kashin nazarin bayanan ma akwai tambayoyin da ba amsar lissafin ake nema ba, so ake ka faɗi ko bayanan da aka bayar sun isa a samo ta, kuma wanda ya tsaya warware lissafin har ƙarshe ya yi asarar minti biyu a banza. Tun da barin tambaya ba amsa yana rage maki, kuma an ba ka damar canza amsa har uku a kowane kashi, ka saba da zaɓar amsa ka sa alama ka wuce idan tambaya ta riƙe ka fiye da kima.

Game da lokaci, ban ba ka shawarar karatun dare ba, domin ƙwaƙwalwar da ta wuni a kan lissafin mutane ba za ta ɗauki sabon abu ba. Ka ware awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan sallar asuba, kwana huɗu ko biyar a mako, waya a kashe, sannan ranar Asabar ka yi zama mai tsawo. Duk bayan mako biyu ko uku ka yi cikakkiyar jarrabawar gwaji ta awa biyu da kwata a zama ɗaya. Hukumar tana ba da guda biyu kyauta a shafinta. Makon rufe lissafin ƙarshen wata kuwa ka rage wa kanka nauyi tun kafin ya zo, kuma ka sanar da iyalinka tsarin domin su taya ka kiyaye shi.

Dokar hukumar ta yarda ka koma bayan kwana 16, har sau biyar a cikin wata 12, amma kada wannan ya ruɗe ka, balle da dala ake biyan kuɗin rajista. Cike giɓin maki 90 da ke tsakanin 555 da 645 tare da aiki zai ci maka wata biyu zuwa uku. Ka tsai da rana sa'ad da gwaji biyu a jere suka kai ka makin da kake nema, kana lissafi da wa'adin makarantu, wanda a yawancin na Amurka zagayen farko kan faɗo a Satumba, na biyu a Janairu. Idan ka rasa na bana, sakamakon yana aiki har shekara biyar. Ka nemi hutun kwana biyu ko uku kafin ranar, kuma ka zaɓi zama a cibiyar jarrabawa maimakon a gida, sai fa in ka tabbata wuta da intanet ba za su yanke maka ba.